Ranar da Kawu Jae Ya Ba Teku Kanwa

Jummai, ke nake nufi da wannan babi, ko da yake sauran ma su karanta. Na ga irin gaisuwar da kika yi wa Kawunku Jae ranar sunan ɗan ɗan'uwanki Bashir, baki a gaba kamar an aiko ki dole. Ban tanka ba don akwai mutane, amma abin ya dame ni. Ke da 'yan'uwanki kun ɗauka yayana ya zo gidan nan ne da gangan ya kashe wa babanku kifi saboda haushin saniya. Ba kwa nan aka yi, kuna Kano da Abuja, a waya kuka ji, wayar ma rabin labari ta kai muku. Ni kuwa a gabana aka yi komai, don haka ku bari in gaya muku yadda ya faru.

Kun san babanku a Legas ya ƙarar da ƙarfinsa. Da gadi ya fara, a shagon wani Bakwara, wato Balarabe, mai sayar da kifin ado na ruwan teku, irin wanda masu hali ke ajiyewa a akwatin gilashi don kallo. Daga ɗaukar bokiti hannunsa ya faɗa, har ya zama shi ke zagaya gidajen manya da otal-otal yana duba musu ruwa. Da mai shagon ya tsufa ya rufe ya koma ƙasarsu, babanku ya tattaro ya dawo Tudun Wada. Na yi murna ba kaɗan ba, na ce yau dai na samu mijina. Masu sannu da zuwa suka yi ta zuwa, suka gama, gida ya yi tsit. In ya je gona, ƙannensa da suka saba noma ba shi sai su shimfiɗa masa buhu a inuwa, wai Yaya ya huta. In ya je majalisa, hirar taki ce da ta masara, ya ɗauko zancen teku a yi masa murmushi a sako wani. Sai ya daina zuwa. Daga masallacin ƙofar gida sai tabarma, fuska a bango, tuwo ya huce a gabansa in zo in ɗauke. Asibiti suka ce ɗan hawan jini ne kawai. Malamin unguwa ya yi rubutu, ya sha, Allah ya saka wa malam da alheri. Ni dai na san ciwon: mutum ne da ya saba a neme shi tun da sassafe, ya wayi gari babu mai nemansa. Tsoro ya kama ni sosai, don ina kallon mijina yana ƙarewa a zaune.

Wata rana ina zazzage akwatin kayana, tsohuwar sarƙar murjanina ta faɗo kusa da tabarmarsa. Ya ɗauka yana juyawa, ya tambaye ni ko na san abin nan rai gare shi kafin a huda shi a zura masa zare. Na ce ya daina yi mini tatsuniya, dutse ne. Ai kuwa sai ga mutum ya tashi zaune. Ya shiga ba ni labarin yadda murjani ke tsirowa a jikin duwatsun ƙarƙashin teku, yana buɗewa in haske ya zo, yana rufewa in an taɓa shi, da yadda ya raini wani tun yana kamar ƙwayar wake har ya cika tafin hannu. Rabon da in ji ya jera magana haka har na manta. Na tambaye shi ko za a iya yin irinsa a nan. Ya yi dariya, ya ce ina Tudun Wada ina teku. Amma bai yi shiru ba, ya ci gaba da lissafo abin da za a nema, gilashi mai kauri, wutar sola da batir, tataccen ruwa, gishiri na musamman daga Legas, da ɗaki mai sanyi. Yana faɗa yana zana akwatin da yatsa a ƙasa. Ni ba zanen nake kallo ba, fuskarsa nake kallo, kuma kafin ya gama na riga na yanke abin da zan yi.

Abin da na mallaka a duniya shi ne farar saniyar da Innarmu ta bar mini, da abin da ta haifa. Suna cikin garken Kawu Jae, yayana uwa ɗaya uba ɗaya, a rugarmu ta bayan Doguwa, inda yake kiwo yana kuma taɓa noma. Ku 'yan birni ba za ku gane nauyin abin ba. A wurinmu saniyar uwa ba dukiya ba ce kawai, ana nuna wa jikoki ita a ce wannan jinin ta wance ce. Na same shi a bakin garke, muka gaisa, na ce na zo a fitar mini da shanun Inna. Ya tambaya ko Makka zan je, na ce a'a. Ko aikin asibiti za a yi wa Malam, wato babanku, na ce a'a. Da ya matsa na ce kifi za a saya. Ya dube ni ya ce:

"Dija, jinin saniyar da ta shayar da ke za ki kai kasuwa, don kifin da ko ci ba a yi?"

Kun san bakina. Na ce masa shanu nawa ne, miji nawa ne, kuma ba shawara na zo nema ba. Da hannunsa ya ware su, da ƙafarsa ya kora su kasuwa don kada dillalai su cuce ni, ya aiko mini da abin da aka samu ta hannun wani. Daga ranar ya ɗauke ƙafa daga gidana. Salla ta zo ta wuce bai leƙo ba, ni ma na yi zuciya ban je ba, amma Allah ya sani abin yana cina.

Ɗakin marigayiya kakarku aka zaɓa, tsohon soron ƙasa mai kaurin bango, don ko a bazara ya fi ko'ina sanyi. Aka ɗauko wani mai haɗa tagogin gilashi daga Kwanar Dangora. Bawan Allah bai taɓa shan faɗa irin na ranar ba, ya manna gam babanku ya ce a ɓamɓare, ya sake ya ce bai miƙe ba, har mutumin ya ce shi dai ko gidan sama bai ba shi wannan wahalar ba. Ni ina madafa ina jin faɗan ina jin daɗi. Aka cika akwatin da ruwan rijiya a tsakar gida aka bar shi, a ga ko zai yi yoyo, sannan aka shigar da shi ɗaki. Aka kafa sola a rufi. Ruwa daga wurin masu yin ruwan leda ake kawo shi a jarka, don na rijiyarmu wai yana da abubuwan da ido ba ya gani. Gishirin ya iso a bokiti, babanku ya dama, yana ɗiga ruwan a kan wani ɗan ma'auni yana leƙawa da ido ɗaya. Daga baya duwatsu masu ramuka suka iso a jiƙe cikin kula, ya jera su, ya kunna famfo, shi ke nan ya naɗe hannu. Makonni suka yi ta wucewa babu kifi ko ɗaya, wai sai ruwan ya nuna tukuna, kamar madarar da aka kafa. Maƙwabta su shigo su kalli dutse a cikin ruwa, su yi mini sannu irin ta gidan mara lafiya, su fita. Na ji har ana cewa shanun Dija sun zama tsakuwa.

Ni ma a lokacin na shiga makaranta. Na koyi cewa in ruwa ya ragu ba mai gishiri ake ƙarawa ba, zallan ruwa ake sawa, don rana ruwa take sha ta bar gishirin. Na koyi ƙulla ƙanƙara a leda in saka ta tana yawo a sama in zafi ya yi tsanani, da juya fanka ta riƙa kaɗa fuskar ruwan. Ba a sa hannu in an shafa mai. Ba a fesa maganin sauro. Turaren wuta ma aka kafa mini doka, ni da ɗakin surukata. Na yi mita, amma na bi.

Ranar da halittun suka iso unguwa ta cika gidan nan. Kifi biyu masu ruwan lemo da farar ɗamara, waɗansu shuɗaye 'yan ƙanana masu rawar kai, jatan lande mai dogon gashin baki, sai murjanin, wani kamar laimar kwaɗi, wani kamar ciyawa yana rausaya. Da safe in an kunna fitila ka ga suna buɗewa a hankali. Malamin unguwa ya tsaya a gaban gilashin ya yi ta tasbihi har ya kusa makara. Masu cewa tsakuwa su ne a sahun gaba. Babanku ya tsaya yana bayani, ana yi masa tambaya yana amsawa, har da tsawatar wa masu ƙwanƙwasa gilashi. Ya koma cin abinci, ya koma yi mini ƙorafin gishiri a miya. Amma kada in yi muku ƙarya, hankalina bai kwanta duka ba. Har yanzu bai wuce masallacin ƙofar gida, kuma duk ransa ya rataya a kan gilashin nan. Kullum ina tunanin in wani abu ya sami akwatin, mutumin nan zai koma tabarma, kuma a karo na biyu ba ni da abin da zan tashe shi da shi.

Bayan ruwan shuka ya sauka, wata safiya sai na ji sallamar Kawu Jae a zaure. Ya shigo da sandarsa da jakarsa ta fata, aka yi gaisuwa mai tsawo, ya gida, ya shanu, ya ruwa, babu wanda ya ambaci abin da ya wuce. A nan nake so ki buɗe kunne, Jummai. Mutanenmu ba sa ba da haƙuri da baki, kunya ba ta bari. Wanda ya ga ya yi tsauri sai ya zo da wani abu a hannu, kuma ba zai tsaya a kan kyautarsa yana jiran godiya ba, ajiyewa zai yi inda za ta yi amfani ya kau da kai. Ashe masu tallar nono sun kai labari ruga cewa kifin Malam gishiri suke sha, kuma tun daga Legas ake wahalar kawo musu shi. Yayana ya kwana da abin a ransa. A saninsa, dabbar da ke son gishiri babu gatan da za ka yi mata da ya wuce kanwa, musamman a farkon damina. Sai ya nemo jar kanwa mai kyau, irin wadda yake zuba wa shanunsa a komi, ya sa aka daka ta lukui, ya ƙullo a tsumma.

Babanku ya kai shi ɗakin. Kawu ya tsuguna ya dogara haɓa a kan sanda, ya daɗe yana kallo. Ya tambayi me suke ci, ko suna haihuwa, da wane ne babba a cikinsu. Babanku ya ji daɗin tambayoyin ƙwarai. Can ya fita zai watsa ruwa, ni kuma ina madafa ina dama wa baƙo fura, aka bar Kawu shi kaɗai. Ya kwance tsummansa ya juye duka a cikin akwatin, har ya sa hannu ya motsa don ta kai ga kowa.

Da na shigo da kwanon fura ban gane akwatin ba. Ruwan ya yi fari fat kamar tsinkakken nono, kifayen sun taso sama suna buɗe baki, murjanin duk ya dunƙule. Babanku ya shigo a bayana, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Kawu na tsaye da tsumma a hannu, yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya, ya ce a hankali:

"Kanwa ce, Malam. Mai kyau ce, ita nake ba nawa."

Na buɗe baki, babanku ya ɗaga mini hannu, na rufe. Sai ya shiga ba da umarni da wata murya da ban san yana da sauranta ba. A kawo robar wanki sabuwa, a juye mata ruwan gishirin da yake ajiyewa a jarka, a miƙo rariya. Ya kwashe kifin, ya tsamo duwatsun, ya aika mai acaba wurin masu ruwan leda ya yi ta jido. Kawu Jae, da furfurarsa, shi ya riƙa ɗauko jarkokin daga ƙofar gida a ka, ya sauke ya koma, bai yarda kowa ya karɓe shi ba. Muka wuni muna kwasa muna damawa. Wajen la'asar na waiga in ce masa ya zauna ya sha furarsa, na tarar ya tafi, kwanon yana nan a rufe yadda na ajiye.

Asarar ta yi yawa. Shuɗayen kifin suka mutu a ranar, jatan lande ya bi su, murjanin ya yi ta narkewa yana wari har sai da muka zubar. Abin da ya tsira masu ruwan lemon nan biyu ne a robar wanki, da dutse ɗaya mai 'yan ɗigon kore da suka ƙi buɗewa. Da aikin gaggawa ya ƙare, babanku ya ja kujera gaban gilashin da babu komai ya zauna. Yana ba kifin abinci, yana duba famfo, amma magana ta ɗauke. A kwanakin ne kika bugo waya kika ce a kawo shi Kano, kika ce Kawu da gangan ya yi, ni kuma ba ni da ƙarfin musu. Ban taɓa jin tsoro irin na kwanakin nan ba. Na tura masa tuwo, ya taɓa ya ture, na koma madafa na zauna na ce shi ke nan, na rasa shanu, na rasa ɗan'uwa, yanzu zan rasa miji.

Ana nan, mai kawo mana nono ta zo da safe, ta sauke ƙwarya ta ce ai Jae tashi zai yi, an fara kwance bukkoki, zai wuce can gaba da Riruwai. Na ce wane irin tashi, mutumin da masararsa ta tsiro har an yi noman fari? Ta ce ya ce a bar wa tsuntsaye, shi ba zai zauna inda za a riƙa nuna shi ba. A tsakar gida muke maganar, ban san babanku yana ji ba. Sai ga shi ya fito yana gyara hula, ya ce in ɗauko mayafina. Muka hau mota zuwa Doguwa, muka hau acaba, acaba ya kai mu bakin rafi ya ce ruwa ya cinye hanya. Babanku ya naɗe wando ya shiga, na bi shi, sauran tafiyar a ƙasa muka yi ta.

Mun tarar an ɗaura wa jakuna kaya, ƙore an jera an ɗaure. Kawu ya hango mu ya juya kamar zai shiga cikin shanu, babanku ya yi masa sallama da ƙarfi, dole ya tsaya. Aka shimfiɗa tabarma, aka gaisa kamar babu komai, Kawu kansa a ƙasa yana tonon ƙasa da sanda. Babanku ya gyara zama ya ce:

"Yaya Jae, tunda na kafa abin nan kowa kallo yake zuwa yi. Kai kaɗai ka zo da tunanin me za su ci. Kuma ba ka yi nisa da gaskiya ba, akwai 'yar'uwar kanwa da ake sa musu, tatacciya, a bakin cokali. Kai ka ba su rabon garke guda."

Matar Kawu ta ƙyalƙyale da dariya a bayan bukka ta toshe baki. Kafaɗun Kawu suka girgiza, ban san ko dariya ce ko kuka ba, don bai ɗago ba. Da ƙyar ya ce:

"Na kashe maka dukiya, Malam. Ta ƙanwata ce ma."

"Biyu sun rayu," in ji babanku. "Kai makiyayi ne, in annoba ta bar maka biyu, watsar da su kake yi ka tafi? Zan wanke duwatsun in sake dama ruwa. Ranar da zan mayar da su ina so kana tsaye a wurin, ba a bayan Riruwai ba."

Kawu ya miƙe ya nufi jakin da ke gaba ya fara kwance igiyar kayan. Aka kawo mana kindirmo, babanku ya shanye ƙwarya guda ya nemi ƙari.

A hanyar dawowa rana ta karkata, hadari na haɗuwa ta gabas. Babanku na gaba, yana tafe yana magana, ko da ni yake ko da kansa oho. Wai dutsen nan mai kore kada a fid da rai da shi, wai akwai wani tsohon abokin aikinsa a Legas da zai ɓantaro masa 'yan ƙanana daga nasa, wai wannan karon sai an yi wa akwatin murfi. Ni ina baya, hawaye ya hana ni ganin hanya, ina tuntuɓe da kunyoyin gonar mutane. Ya yi nisa sannan ya lura, ya tsaya ya waiwayo yana ɓata rai.

"Dija, ɗaga ƙafa mana. Ina da aiki a gida."

Na share fuska da bakin mayafi, na ɗaga ƙafa.